Ku Daina Ce Musu Tubabbu

A farkon watan Fabrairun 2021 aka shigo da Auwalun Daudawa gidan gwamnati a Gusau. Wata biyu kafin nan, a daren 11 ga Disamba, 2020, shi ne ya jagoranci kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, aka tasa ƙeyarsu zuwa daji a ƙafa cikin sanyin hunturu. Ran nan a Gusau aka jera bindigogi a ƙasa, aka kawo Alƙur'ani ya yi rantsuwa, masu ɗaukar hoto suka yi aikinsu. Kafin gari ya waye an raɗa masa sabon suna a rediyo da jaridu: tubabben ɗan bindiga. Ba a cika wata uku ba ya koma daji, kuma a ƙarshen watan Afrilu aka kashe shi a can, a faɗa da wata daba.

Ba da Daudawa nake faɗa ba, ya riga ya tafi inda babu gwamnan da zai tsaya masa. Faɗana da masu alƙalami ne da masu karanta labarai da masu rubuta wa gwamnoni jawabi, waɗanda suka ɗauki ɗaya daga cikin kalmomi mafiya nauyi a bakin Bahaushe suka mayar da ita rigar aro, duk wanda ya fito daga daji da yammacin Litinin a yafa masa, in ya koma ran Alhamis a cire a ajiye wa na gaba. Yau shekara da shekaru ana yi mana wannan, har kunne ya saba. Yaro ɗan shekara goma a Funtuwa ko Ƙauran Namoda, in ka ce masa "tubabbe", abin da zai zo masa a rai shi ne mutum da rawani da tabarau, bindiga a kafaɗa, yana gaisawa da shugaban ƙaramar hukuma.

Kalmar ba tamu ba ce tun asali, arowa muka yi, kuma mun san inda muka aro ta. Daga Larabci ta zo, "tauba", kuma ma'anar tushenta ita ce komowa, wato mutum ya juyo daga hanyar da ya miƙa. A Larabcin ana amfani da ita ta fuska biyu: bawa ya komo ga Ubangijinsa, Ubangiji kuma ya juyo gare shi da rahama, shi ya sa Attawwabu yake cikin sunayen Allah. Sura ta 9 a Alƙur'ani sunanta ke nan, kuma ita kaɗai ce ba a buɗe ta da Bismillah ba. Ta shigo mana tare da malamai da littattafansu, kuma in an bi tarihin sarakunan Kano, wanda ya ce Wangarawa sun iso a zamanin Sarki Yaji a ƙarni na 14, to ta daɗe tana cin tuwo a gidanmu. Bahaushe ya tanƙwasa ta ta zama tasa: ya tuba, ta tuba, tubabbe, tubabbiya, tubabbu. Har wanda ya bar maguzanci ya karɓi Musulunci da ita ake kiransa, domin ana nufin ya bar tsohuwar rayuwa gaba ɗaya, ba hutu ya ɗauka ba.

Kuma tun muna yara muka san farashinta. Yaron da bulala ta hau bayansa ba ya cewa "na tuba" ya yi shiru, sai ya haɗa da "ba zan ƙara ba". Babba in ya kai maƙura wajen neman afuwa sai ya ce na tuba, na bi Allah na bi ka. Dubi yadda aka jera maganar: Allah a gaba, sannan mutumin da aka ɓata wa. Ba a taɓa barin na biyun a baya ba. Kakanninmu kuwa, da yake sun san halin ɗan'adam, sai suka tanadar wa na ƙarya sunansa daban, tuban muzuru, wanda yake rantsuwa ya daina alhali gashin kaza na bakinsa. Harshen ya riga ya ba mu sunan abin da ake yi a zaurukan gwamnati, mu ne muka ƙi amfani da shi.

Duk wanda ya zauna a gaban malami a zaure, ko da na wata shida ne, ya ji sharuɗɗan tuba. Imamu Nawawi ya jera su a farkon babin tuba na Riyadus Salihina: a bar laifin nan take, a yi nadama, a ƙudurta ba za a koma ba. Waɗannan uku sun isa in laifin tsakanin bawa ne da Ubangijinsa. In kuwa akwai haƙƙin mutum a ciki, sai an ƙara na huɗu, wato a fita daga haƙƙin mai haƙƙi. In dukiya ce a mayar masa. In jini ne ko rauni, mai laifi ya ba da kansa a yi masa hukunci, ko ya nemi yafiya daga bakin wanda abin ya shafa. To a cikin duk bukukuwan tuba da aka yi mana tun daga 2016, a wanne ne aka ga an kira bazawara daga Tsafe ko Batsari aka ce ga shanun mijinki? A wanne aka karanta sunayen waɗanda aka kashe? A wanne aka tambayi wanda ya dafa Alƙur'ani inda miliyoyin kuɗin fansa suka shiga, kuɗin da mutane suka sayar da gonakin gado da masarar shekara suka tara?

Za a ce ai Alƙur'ani da kansa ya buɗe wa 'yan fashi ƙofa. Gaskiya ne, kuma masu kare wannan wasa suna son jawo ayar, sai dai ba sa son karanta abin da malaman fiƙihu suka ce a kanta. Aya ta 33 a Suratul Ma'ida ta faɗi hukuncin masu tare hanya da yaɗa ɓarna a ƙasa, ta 34 kuma ta cire waɗanda suka tuba kafin a ci ƙarfinsu. Amma me aka ɗauke musu? Risala ta Ibn Abi Zaidin Alƙairawani, wadda babu garin malamai a ƙasar Hausa da ba a karanta ta, ta warware wannan a babin hukunce-hukuncen jini da haddi: ɗan fashin da ya zo da kansa yana mai tuba ana ɗauke masa haƙƙin Allah, wato haddi, amma ana kama shi da haƙƙin mutane, na dukiya da na jini. Mawallafin ya rasu fiye da shekara dubu da suka wuce, kuma ko almajirin da bai kai sauka ba zai iya bayyana wa gwamna wannan hukunci. Hukuma tana iya yafe nata. Ba ta da ikon yafe saniyar wani, balle ran ɗansa. Wannan na waliyyan mamaci ne, in sun so su yafe, in sun so su karɓi diyya, in sun so su nemi ƙisasi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne inda ake yin abin. Zamfara ce jihar da ta fara ƙaddamar da shari'ar Musulunci a wannan jamhuriya, kuma a watan Maris na 2000 aka yanke hannun wani mutum, Buba Jangebe, saboda satar saniya. Shekara 20 bayan nan, a watan Yulin 2020, gwamnan jihar na lokacin, Bello Matawalle, ya sanar cewa duk ɗan bindigar da ya kawo AK-47 ɗaya za a ba shi shanu biyu. Wanda ya saci saniya ɗaya ba makami ya rasa hannu, wanda ya kore garke ya kashe mai garken an yi masa alkawarin ƙari. Sannan a watan Fabrairun 2021, a garin Jangeben nan dai, aka shiga makarantar 'yan mata aka kwashe ɗalibai, 279 aka ƙirga ranar da aka sako su. Ni ban san wani wa'azi da zai gamsar da matashi a wannan yanki cewa laifi ba ya biya ba, bayan ya ga waɗannan abubuwa uku da idonsa.

Tarihin abin ma ba ɓoyayye ba ne. A ƙarshen 2016 gwamnatin Zamfara ta yi sulhu da Buharin Daji, aka yi taro aka karɓi makamai. Kashe-kashe suka dawo, shi kuma a watan Maris na 2018 tsohon yaronsa Dogo Giɗe ya kashe shi. A Katsina, gwamnan lokacin Aminu Bello Masari ya yi afuwa a wa'adinsa na farko, ya sake yi a 2019, har hotonsa ya zaga duniya yana tsaye kusa da wani mai riƙe da bindiga. Zuwa tsakiyar 2020 da bakinsa ya ce sun ci amana, ba zai sake ba. A watan Yulin 2022 aka naɗa wa Ado Aleru rawanin Sarkin Fulani a masarautar 'Yandoton Daji, mutumin da 'yan sandan Katsina suka sa ladan naira miliyan 5 a kansa bayan harin Kadisau, har sai da surutu ya yi yawa aka dakatar da sarkin da ya naɗa shi. A 2025 kuma aka koma gidan jiya a ƙananan hukumomin Katsina irin su Batsari da Jibiya da Ɗanmusa, kuma duk mai waya ya ga hotunan: mutane sun zo zaman sulhu a kan babura, jigidar harsasai a ƙirji, sun zauna a sahun gaba, sun yi jawabi, sun tashi sun koma da kayansu.

Nan ne ɗaya kalmar take shigowa, wadda ake haɗawa da tuba a kanun labarai kamar tagwaye: miƙa wuya. Wannan Hausa ce tsantsa, ba aro, kuma hoton da ke cikinta ba ya bukatar malami. Wuya shi ne inda igiya take shiga, shi ne inda wuƙa take sauka. Wanda ya miƙa shi ya ce ga ni, yi yadda ka ga dama da ni. Ba ya zuwa da sharaɗi, ba ya zuwa da masu gadi, ba ya cewa a janye sojoji daga wuri kaza kafin in zo. Akwai 'yan uwanta: saduda, wadda take nuna wanda ya yi gardama har ƙarfinsa ya ƙare, ba da kai, har a ce ya ba da kai bori ya hau. Duk cikinsu babu wadda ta dace da mutumin da ya zo taro da bindiga ya koma da ita.

Akwai dai waɗanda suka miƙa wuya a wannan ƙasa, kuma da gaske suka miƙa, sai dai ba su ake nunawa a talabijin ba. Manomin Sabon Birni ne da na Shinkafi da na Birnin Gwari, wanda sai ƙauyensu sun haɗa kuɗi sun kai daji kafin a bar su su yi shuka, in amfani ya nuna su sake haɗawa kafin a bar su su girbe. Mai unguwa ne da yake bi gida-gida da littafi yana rubuta wanda ya biya da wanda bai biya ba, ba don gwamnati ba, don wani yaro mai shekara 25 da ya aiko da wa'adi. Mutanen da ake kora su yi wa ɗan bindiga noma a gonar da ya ƙwace ne, tun safe har la'asar, ba ko sisi. A 2021 har labari ya fito daga gabashin Sakkwato cewa 'yan bindiga sun tuɓe masu gari sun naɗa nasu. A watan Agustan 2024 aka kashe Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Bawa, a hannun waɗanda suka sace shi, bayan duniya ta ga bidiyonsa a ɗaure yana roƙon a cece shi. In ana neman wanda za a rubuta "ya miƙa wuya" a ƙarƙashin hotonsa, ga su nan, dubbai, kuma hukumar da ta bar su a haka ita ma ta miƙa nata, illa dai ta ƙi amsa sunan.

Kalmar da ta fi kusa da gaskiyar abin da ake yi, in har sai an yi amfani da ta Larabci, ita ce sallama. Ita ma aro ce, tushenta ɗaya da salamu da Musulunci, kuma Bahaushe ya ba ta ayyuka da yawa: a yi sallama a ƙofar gida, a sallame salla, likita ya sallami majiyyaci, maigida ya sallami yaronsa. A kasuwar Mai'aduwa ko Wudil, in dillali ya yi tayi mai saniya ya ce albarka, ciniki bai faɗa ba. In ya ce na sallama, shi ke nan, igiya ta koma hannun mai saye. Akwai kuma wata sallamar, wadda kowa ya sani, ta a ba mutum wani abu ya tafi ya bar ka ka huta, irin wadda ake yi wa maroƙi ko ɗan daba a bakin rumfar zaɓe. To abin da ke faruwa ke nan. An yi tayi, an yi albarka, an ƙara, an sallama, sannan aka sallame su. Ciniki ne, kuma ciniki ba abin kunya ba ne in an kira shi da sunansa.

Domin kada a ɗauka ina cikin masu cewa a yi ta yaƙi har mutum na ƙarshe. Wanda yake kwana a gida mai katanga a Kaduna ko Abuja ba shi da bakin da zai zargi dagacin da ya shiga daji neman sasanci domin mutanensa su samu su yi noma. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Ko kasuwar shanu ta Birnin Gwari da ta sake ci bayan yarjejeniyar ƙarshen 2024, wanda ya shekara goma bai ga kasuwa ba shi ya san daɗinta. Kuma ban manta ba cewa jinin bai zuba ta gefe ɗaya ba: 'yan sa-kai sun yanka Fulani a tsakiyar kasuwa ba tare da shari'a ba, an ƙona rugage, an cinye burtali da makiyaya, alƙalai da 'yan sanda da masu sarauta sun tatsi makiyayi shekara da shekaru. Su ma waɗannan akwai tuba a kansu, da sharuɗɗansa huɗu, kuma ban ga wanda ya kira su ba. Sulhu kalma ce mai daraja, ma'anarta ɓangare biyu masu ƙarfi sun zauna kowa ya rage wani abu. A ce an yi sulhu, a ce an tsagaita wuta, a ce an yi yarjejeniya. Amma da zarar an ce "tubabbe", an yanke hukunci ne a kan zuciyar mutum, an wanke shi, an kuma mayar da duk wanda ya ƙi yarda da shi mai taurin zuciya da yake jayayya da rahamar Allah.

Wannan ce muguntar da ke cikin kalmar, kuma da gangan ake yinta. Matar da aka kashe mijinta a gabanta, in ta ga wanda ya yi kisan yana sayen nama a kasuwar garinsu ta buɗe baki, sai a ce haba baiwar Allah, ai ya tuba, ke ce za ki rufe ƙofar da Allah ya buɗe? A rungumi ƙaddara, a yi haƙuri. Ita ake nema ta saduda. Alhali ko a zamanin da ya fi kowanne, ba haka aka yi ba. Wahshi, wanda ya kashe Sayyidina Hamza a Uhudu, ya zo ya musulunta, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya karɓi Musuluncinsa, amma ya sa shi ya ba da labarin yadda ya yi kisan, sannan ya nemi ya riƙa kawar da fuskarsa daga gare shi. An karɓi tuban, ba a tilasta wa wanda aka yi wa rashi ya yi murmushi ba. Ka'abu ɗan Maliku da abokansa biyu kuwa ko mutum ba su kashe ba, zuwa yaƙin Tabuka ne ba su yi ba. Wasu sun zo sun kawo uzurin ƙarya an ƙyale su, shi Ka'abu ya tsaya ya ce ba shi da wani uzuri. Kwana 50 babu mai yi musu magana a Madina, a kwana na 40 aka ce su nisanci matansu, sai bayan nan aya ta sauka da karɓar tubansu. Hatta hadisin mutumin da ya kashe rai 100, wanda masu wa'azin afuwa ba sa gajiya da kawowa, malamin da ya ba shi fatawa cewa ya yi ya bar ƙasarsa ya koma wata, kada ya dawo. Namu kuwa a dajin da suka yi ɓarnar ake barinsu, da yaransu da makamansu, a ƙara musu da rawani.

A Barno lamarin ya ɗan bambanta, kuma can kalmar tana cutarwa ta wata fuskar. Bayan mutuwar Abubakar Shekau a watan Mayun 2021, mutane sun yi ta fitowa daga Sambisa dubbai-dubbai, aka tara da yawansu a sansanin alhazai na Maiduguri. Waɗannan aƙalla sun fito, sun bar dajin, wasu sun ajiye makami, don haka miƙa wuya ta dace da su. Amma mafi yawansu mata ne da yara da manoman da aka ritsa da su a ƙauyukansu shekaru. Yarinyar da aka sace tana shekara 12, aka aurar da ita dole, ta fito da goyo, daga wane zunubi ta tuba? In aka haɗa ta da kwamandan da ya yanka mutane a buhu ɗaya aka rubuta "tubabbun 'yan Boko Haram", an shafa mata baƙin da ba nata ba, shi kuma an ɓoye shi a cikin taron mata. Tun 2016 sojoji suke da shirin gyaran hali a sansanin Malam Sidi da ke jihar Gwambe, Nijar ma ta buɗe nata a Gudumariya cikin jihar Diffa, ana koyar da ɗinki da walda da aski, a yaye mutum a ba shi jari. Ba na ƙin a koya wa kowa sana'a. Amma dangin manoman shinkafa na Zabarmari da aka yi wa yankan rago a watan Nuwamban 2020, aka jera gawa 43 a rana ɗaya, suna da haƙƙin su ji daga bakin wani cewa ni ne, ko na san wanda ya yi. Iyayen 'yan matan Chibok da har yau ba su dawo ba, tun Afrilun 2014, suna da haƙƙin a tambayi kowane mai fitowa ina ya gan su.

Ba abu ne da ba a taɓa yi ba. A Afirka ta Kudu, hukumar gaskiya da sasantawa da Desmond Tutu ya shugabanta ta ɗora afuwa a kan sharaɗi: sai mutum ya fayyace duk abin da ya aikata, sau da yawa a bainar jama'a, iyalan waɗanda ya kashe suna zaune suna saurare, lauyoyinsu suna yi masa tambayoyi. Mutum 7,112 suka nemi afuwa, 849 suka samu. Mutanen da ba su karanta Risala ba sun fi mu kusa da hukuncinta.

Mu ma muna da namu misalin na yadda mai mutunci yake ba da kai. Bayan Turawa sun ci Sakkwato ranar 15 ga Maris, 1903, Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya zaɓi hijira, ya yi gabas, aka kashe shi a Burmi a watan Yulin shekarar. Waziri Buhari kuwa ya nemi shawarar malamai, ya dawo birni ya sallama wa Lugga, shugaban Turawan, domin jama'ar da ba ta da inda za ta. Abin bai bar shi ya yi barci ba, har ya rubuta wasiƙa zuwa ga ma'abota ilimi yana bayanin abin da ya yi da dalilinsa da tsoron da ke ransa kan ko ya yi daidai. Ana iya saɓa masa, kuma tun a lokacin an samu masu saɓa masa. Amma bai fito ya ce wa mutanen Sakkwato Nasara sun tuba ba. Ya san wanda ya ci, ya san wanda aka ci, ya faɗa da sunansa. Gwamnan da aka fi ƙarfinsa a yau zai iya tsayawa ya ce jama'a, ba ni da sojan da zan tsare ku, na shiga yarjejeniya da mutanen da suka kashe 'yan uwanku, ga abin da na ba su, ga abin da suka yi alkawari, ga ranar da za mu duba ko sun cika. Za a zage shi kwana biyu, amma mutane za su san inda suke tsaye, su san ko za su kwana a gida ko a tasha.

Editan da labari irin wannan ya zo teburinsa gobe yana da kalmomi a hannu, ba sai ya ƙirƙiro ba. In mutum ya zo taro da bindiga ya koma da ita, ɗan bindigar da ya shiga sulhu ne. In ya ajiye makami ya ba da kansa ga hukuma, ya miƙa wuya, a rubuta bindiga nawa ya kawo, a kuma tambayi nawa ya bari a daji. In mace ce ko yaro da aka tsare, an kuɓutar da su ne ko sun kuɓuta. Malaman da ake gayyata su buɗe irin wannan taro da addu'a kuma, tunda su ne suka karantar da mu sharaɗi na huɗu, kafin su miƙa wa kowa Alƙur'ani ya dafa, su tambaya a gaban jama'a mutum nawa ne har yanzu suke ɗaure a sansaninsa, shanun wa ke cikin garkensa, kuma wane ne a cikin zauren yake wakiltar waɗanda aka kashe.